Ruwa da Kumfa: Wanne Ne Ke Kashe Gobarar Fetur?

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa 'yan kwana-kwana suke fesa kumfa idan tankar mai ta kama da wuta, alhali ga ruwa cike da motarsu.

Aikin ruwa sanyayawa ne, kuma a gobarar katako, katifa ko rumfunan kasuwa babu abin da ya kai shi, domin yana ratsa abin da ke ci har cikinsa. Sai dai fetur bai kai ruwa nauyi ba: litarsa kusan giram 750 ce, ta ruwa kuwa kilo guda. Saboda haka da an watsa ruwa sai ya nutse, man ya taso samansa yana ci, ya bi kwata ya kai wutar inda da ba za ta isa ba.

Ita ma kumfa galibinta ruwa ce, domin sinadarin da ake zubawa kashi 3 ko 6 ne kawai cikin ɗari, sannan a gauraya da iska a bakin mesa. Iskar ce ke rage mata nauyi har ta kwanta a kan man kamar bargo. Abin da ke ci da wuta tururin fetur ne, shi ya sa idan kumfa ta danne tururin, ta kuma raba shi da iska, wutar ba ta da abin kamawa, yayin da ruwan da ke tsatsowa daga cikinta yake sanyaya ƙarfen tanka. Ba a harba ta kai tsaye cikin man. A jikin tanka ko bango ake buga ta, ta gangaro a hankali, domin duk inda ta yage, ta nan wuta ke dawowa. Wani masani ɗan Rasha, Aleksandr Loran, ne ya ƙirƙiro kumfar a 1902 saboda gobarar mai a Baku, babban birnin Azerbaijan na yanzu.

A kan wutar lantarki kuwa, dukansu haɗari ne matuƙar ba a kashe layin ba. Wani abin da ke damuna da kumfa shi ne nau'inta da ake kira AFFF yana ɗauke da wasu sinadarai da ake kira PFAS, waɗanda ba sa ruɓewa da sauƙi kuma suna gurɓata ruwan ƙarƙashin ƙasa, don haka bai kamata a bar wadda aka fesa ta malala zuwa rijiyoyin jama'a ba.