Wata Shida da Suwic na PoE a Shagonmu na Ƙofar Ƙaura

Lokacin da muka yanke shawarar sa kyamarori shida a shagonmu na kayan gini da ke Ƙofar Ƙaura a Katsina, mai haɗa mana ya ba da shawarar mu sayi suwic na PoE mai kafa takwas, wato na'urar da ke tura wutar lantarki ta cikin wayar intanet ɗin da ke ɗauko hoton, ta yadda babu kyamarar da za ta nemi soket ko adafta nata. Da farko na ɗauka dabarar ƙara kuɗin aiki ce, amma yanzu na sauka daga wannan zato.

Babban amfaninsa a wurinmu shi ne wutar ta taru a wuri ɗaya. Mun jona suwic ɗin da na'urar naɗar hoto a kan inbata guda, saboda haka idan aka ɗauke wuta da tsakar dare, kyamarar da ke bakin ƙofa da ta bayan sito duk suna ci gaba da aiki. Ya kuma kwantar mini da hankali cewa suwic ɗin yana bin ƙa'idar 802.3at da ta fito a 2009 daga IEEE, ƙungiyar injiniyoyi da ke tsara ƙa'idojin irin waɗannan na'urori, domin irin wannan suwic ba ya sakin wuta sai ya tantance cewa abin da aka jona yana karɓarta. Ranar da yaron shago ya soka kwamfuta a ɗaya daga cikin kafofin, babu abin da ya ƙone.

Sai dai a karanta kwalin da kyau. An rubuta wat 30 ga kowace kafa, amma jimillar abin da na'urar ke iya bayarwa wat 120 ne, alhali kafa takwas sau 30 wat 240 ke nan. Ƙananan kyamarori irin namu ba su kusanci wannan iyaka ba, ko da dare da fitilunsu ke ƙara jan wuta, amma mai niyyar sa kyamarori masu juyawa, waɗanda suka fi jan wuta, ya zauna ya yi lissafi tukuna.

Matsala ɗaya da muka gamu da ita ba daga suwic ɗin ta fito ba. Kyamarar sito ta riƙa mutuwa bayan magariba, sai da aka kankare wayar aka ga alminiyam ce da aka shafa wa jan ƙarfe, wadda ke zubar da wuta a doguwar tafiya. Da muka sauya ta da wayar intanet nau'in Cat6 ta jan ƙarfe zalla, muka kuma tsaya ƙasa da mita 100 da ƙa'ida ta gindaya, maganar ta wuce.

Fankar suwic ɗin tana da ɗan ƙara, kuma ƙurar hunturu takan cika ramukan iskarsa, don haka duk wata sai an hure shi. Zafin Afrilu kuwa bai taɓa kashe shi ba, ko da yake a inuwa muka rataye shi, nesa da kwanon rufi.