Ciwon ƙugu mai sauka ƙafa: abin da ya cancanci kuɗinka da abin da zai ƙara maka wahala

Wanda ciwon nan ya taɓa kamawa ba sai an kwatanta masa ba. Daga ƙugu yake tasowa, ya ratsa ɗuwawu, ya bi bayan cinya, wani sa'in har yatsun ƙafa, yana fizga kamar an jona wa mutum wutar lantarki. Tari ma sai da dabara. Likitoci suna ce masa sayatika, kuma a nan Jos ba baƙo ba ne: direbobin da ke jigila zuwa Abuja, masu dakon buhunan dankali da kabeji a Farin Gada, teloli, ma'aikatan ofis, mata masu juna biyu, duk yana taɓa su. Da zarar ya kama ka kuwa, masu ba da shawara sun samu aiki. Wannan ya ce kafso, wancan ya ce allura, wani ya ce ƙaho, wani ya ce sai ka canza katifa. Kowace shawara da kuɗinta, aljihu kuma ɗaya ne.

Kafin a zaro ko sisi, a san abu guda. Yawanci faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ƙasan baya ne yake turowa ya danne tushen jijiya, wurin ya kumbura. Ga mafi yawan mutane kumburin yana sacewa, ciwon ya lafa da kansa cikin makonni huɗu zuwa shida, wasu ya kai su wata uku. Babu ƙwayar da ke mayar da faifan mazauninsa. Abin da kake saye sauƙi ne da zai ba ka damar barci da tafiya har jiki ya gama nasa aikin, kuma da wannan ma'aunin nake auna duk abin da zan ambata.

Sai dai akwai alamun da in sun bayyana, maganar kwatanta farashi ta ƙare. Fitsari ya ƙi fita ko ya riƙa zuba ba ka sani ba, bayan gida ya kufce, tsakanin cinyoyi ya sage ka daina jin taɓi, ƙafafu biyu su yi rauni, ko tafin ƙafa ya riƙa jan ƙasa silifa tana zamewa. A ranar, ba gobe ba, a nufi sashen gaggawa na asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) a Lamingo, ko asibitin ƙwararru na jihar Filato, ko asibitin Jankwano. Haka wanda ciwon bayansa ya zo da zazzaɓi da gumin dare da rama, domin tarin fuka yana cin ƙashin baya, kuma a ƙasarmu wannan ba abin mamaki ba ne.

Mutane da yawa da hoto suke farawa. Na eksire yana da sauƙin kuɗi, amma ƙashi kawai yake nunawa, ba ya nuna faifan balle jijiyar. Hoton na'urar MRI ne ke nunawa, shi kuma kuɗinsa yana iya cinye albashin ƙaramin ma'aikaci, ga shi mutane da dama da babu abin da ke damunsu, in aka saka su a na'urar za a ga nasu faifan ya turo. A makonnin farko kuɗin kati da ganin likita ya fi amfani. Zai kwantar da kai rigingine, ya ɗaga ƙafar a miƙe sannu a hankali, ya lura da inda ciwon ya fizge ka. Zai sa ka taka a kan dunduniya, sannan a kan yatsu, ya ƙwanƙwasa gwiwa da agara. Daga nan yake gane ko jijiya ce ko ƙashin kwankwaso, wanda shi ne abin dubawa ga mai sikila.

A ɓangaren ƙwayoyi, mafi araha su ne farasitamol da dangin ibuprofen da diclofenac. Farasitamol bai cika yin ƙarfi a kan wannan ciwon ba, amma ɓarnarsa kaɗan ce in ba a wuce ƙa'ida ba. Dangin diclofenac suna rage wa wasu zogi, sai dai suna cin ciki, suna taɓa ƙoda, suna ɗaga hawan jini. Mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda, da mace mai tsohon ciki, ba nasu ba ne. Wanda zai sha ya sha bayan abinci, na 'yan kwanaki, kuma kada ya haɗa biyu daga dangi ɗaya don sunayensu sun bambanta a jikin kwali. Mai azumi ya nemi shawara kafin ya kora su da sahur ya wuni ba ruwa.

Inda kuɗi ya fi zurarewa shi ne pregabalin, wanda wasu suka fi sani da Lyrica, da ɗan'uwansa gabapentin. Su ne ake miƙo wa mutum in ya ce a ba shi "na jijiya", kuma tsadarsu tana sa a ɗauka su ne ƙarshen magani. Suna da amfaninsu na gaskiya a farfaɗiya da ciwon jijiyar masu ciwon sukari. Amma a kan sayatika labarin daban ne. A 2017 an wallafa wani gwaji da aka yi a Ostareliya kan mutum 209: an ba wasu pregabalin, wasu kafson da babu magani a ciki, tsawon mako takwas, aka bi su har shekara. Ciwon ƙafar bai fi raguwa ga masu shan maganin ba, sai dai jiri ya fi damunsu. A 2020 hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ce kada a riƙa ba da waɗannan magunguna don sayatika. Tun a 2019 kuma Birtaniya ta saka su cikin magungunan da ake sa wa ido saboda yadda jiki ke sabawa da su.

Ba ina cewa likitan da ya rubuta maka bai san aikinsa ba. Wasu suna jin sauƙi, musamman wajen barci. Abin da nake so shi ne a yi ciniki da ido buɗe. Ka tambaye shi: gwajin na mako nawa ne, kuma in bai yi ba yaya za mu sauka? Sannan ka auna illar da sana'arka. Jiri, barci da rana, mantuwa, gani biyu-biyu, kumburin ƙafa da ƙarin ƙiba, waɗannan ga mai zaman shago abin haƙuri ne. Ga direban da zai gangara tsaunukan hanyar Akwanga da fasinja a mota, ko magini a saman bene, magana ce ta rai.

Wanda ya riga ya fara, ga abin da ke rage wahalar. A fara da ƙaramin awo, a ƙara a hankali bisa umarnin likita, kuma kaso mafi yawa ya zama na dare. In an farka sallar Asuba kada a zabura a miƙe. A zauna bakin gado tukun har kai ya daidaita. Tsoho ko tsohuwa a bar musu fitila a hanyar bayi, domin faɗuwa ta fi ciwon muni. Mai matsalar ƙoda dole a rage masa awo, tunda ta ƙoda maganin yake fita. Mace mai ciki ko mai neman ciki ta faɗa tun kafin a rubuta. Kuma kada a yanke shi rana ɗaya don kuɗi ya ƙare: rashin barci, gumi da faɗuwar gaba suna biyo baya, shi ya sa ake saukowa mataki-mataki. Lissafin kuɗin wata guda ya kamata a yi tun farko, ba na fale ɗaya ba.

Amitriptyline ya fi su araha nesa ba kusa ba, kuma ƙwaya ɗaya ce da dare. Shi ma hujjarsa a kan sayatika ba ta da ƙarfi, amma yana taimaka wa wanda zogi ya hana barci. Yana busar da baki, yana ƙulle ciki, yana barin mutum da nauyin kai da safe. Shansa da wuri, bayan Magariba maimakon dab da kwanciya, yana rage nauyin safiyar. Ruwa a kusa, asuwaki, gwanda da miyar ganye suna taimakawa da sauran. Dattijon da fitsari ke yi wa gardama, da mai ciwon zuciya, da mai hawan ruwan ido, su sanar da likita. A kuma kulle shi, don 'yan ƙwayoyi kaɗan suna iya halaka yaro.

Wani dattijo a unguwarmu, tsohon direban bas, ya taɓa warware mini ƙullin farar leda a ƙofar masallaci. Ƙwayoyi ne kala-kala, babu kwali babu suna. Na ce, "Baba, wa ya rubuta maka waɗannan?" Ya ce, "Ɗana, yaron kemis ne yake haɗa mini, in na sha sai in ji garau." Fuskarsa ta cika ta yi tumbul, ƙafafun kuwa sun tsotse. Da aka duba, akwai tramadol da dexamethasone a ciki. Wannan haɗin ne abin da na fi tsoro. Dangin dexamethasone, in aka daɗe a kansu, suna ɗaga sukari da hawan jini, suna raunana ƙashi, kuma su ma ba a yanke su farat ɗaya. Tramadol kuwa jiki yana kamuwa da shi. In ya haɗu da pregabalin ko maganin barci yana iya danne numfashi, in ya haɗu da amitriptyline yana iya jawo jijjiga. Na miligiram 50 da 100 ne NAFDAC ta amince da su. Na 225 da ke yawo a tasha haramtacce ne. Duk abin da za ka saya, ka saya a kwalinsa, a famasi mai rajista, ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Allura tana da farin jini a wurinmu, ana ganin ta fi ƙwaya ratsa jiki. Diclofenac na allura shi ne dai na sha, illarsa ga ciki da ƙoda tana nan, ga ƙarin haɗari: in wanda bai ƙware ba ya soka ta a tsakiyar ɗuwawu, yana iya samun ainihin jijiyar da ake jinya. Allurar bitamin B tana amfani ga wanda ke da ƙarancinsa, kamar wasu da suka daɗe suna shan maganin ciwon sukari na metformin, amma ba ta ɗage faifai daga kan jijiya.

In ni za a tambaya inda kuɗi ya fi dacewa bayan ganin likita, sashen gashin ƙashi zan ce. Amma shi ma a zaɓa. Wurin da za a kwantar da kai ƙarƙashin fitila mai zafi, a shafa man zafi, a ce ka dawo jibi, daɗi kawai kake saye na awa guda. Wanda ya cancanci kuɗinka shi ne mai gwada ka, ya koya maka motsin da za ka riƙa yi a gida, ya nuna maka yadda za ka ɗaga buhu da gwiwa maimakon ƙugu, yadda za ka gyara kujerar mota ko ta keken ɗinki, da yadda za ka yi salla a zaune har ruku'u ya daina fizgarka. Zuwa kaɗan irin wannan ya fi zuwa da yawa na fitila. Manyan asibitocin Jos suna da sashen, kuma mai inshorar lafiya ta NHIA ko PLASCHEMA ya tambaya ko tsarinsa ya ɗauke masa wani abu. Kwanciya fiye da kwana ɗaya ko biyu tana ƙara sandarar da jiki. Tafiya kaɗan-kaɗan kyauta ce, ko da hunturun Jos ya sa sai hantsi ya ɗaga za a fita.

Gashi da ruwan ɗumi a tawul da man zafi ba su da laifi. Ƙaho yana iya sassauta tsoka, amma ba ya kaiwa inda jijiyar take, kuma mai ciwon sukari ya guji tsaga. Sakiya, da taka baya, da jan ƙafa da ƙarfi, ban yarda da su ba ko kaɗan. Bel ɗin ɗaure ƙugu da ake talla a intanet babu hujjar yana warkarwa. Katifa ma ba sai mai tauri ƙwarai ba, matsakaiciya ta isa, kuma filo tsakanin gwiwoyi in an kwanta a gefe ya fi sabuwar katifa sauƙin samu.

Wanda ya wuce mako shida zuwa wata uku ciwon yana hana shi aiki, ko ƙafar tana ƙara rauni, shi ne MRI ya zama wa dole, domin a lokacin hoton zai sauya shawara. Akwai allurar da ƙwararre ke yi kusa da tushen jijiya, tana ba da sauƙi na ɗan lokaci. Akwai kuma tiyatar cire ɓangaren faifan da ya danne. Wani gwaji da aka wallafa a 2007 daga ƙasar Holan ya nuna waɗanda aka yi wa tiyata da wuri sun fi saurin samun sauƙi, amma bayan shekara guda su da waɗanda suka jira sun kusa zama ɗaya. Saboda haka in likitan tiyata ya ba ka rana, ka tambaye shi wace jijiya ce hoton ya nuna an danne, ko ta dace da inda kake jin ciwon, da abin da zai faru in ka ƙara jira wata guda. In amsar ba ta gamsar da kai ba, ka ɗauki hoton ka kai wa wani ƙwararren, a Jos ko a Abuja, ya duba.