Mitar ruwa ta zamani ga ƙaramin gari: abin da kwamiti zai duba kafin ya saya

Yawancin ƙananan garuruwan da ke kewayen Kumasi, waɗanda ruwan madatsun Barekese da Owabi bai kai gare su ba, sun dogara ne da rijiyoyin burtsatse da tankin sama da 'yan ɗaruruwan gidajen da aka ja wa famfo. Wasu daga cikin waɗannan tsare-tsare suna hannun hukumar CWSA, wadda aka kafa a 1998 don kula da ruwan karkara da ƙananan garuruwa, wasu kuwa kwamitin gari ne ke riƙe da su a ƙarƙashin majalisar gunduma. Kukansu kusan ɗaya ne: kuɗin wutar injin yana zuwa kowane wata ba fashi, amma kuɗin ruwan da aka tura ba ya dawowa cikakke. Wannan ne ya sa dillalan mitocin zamani suka yawaita a wuraren taronmu, kowa da jakarsa da samfurinsa. Na daɗe ina riƙe da littafin kuɗi na irin wannan kwamiti a wani gari mai yawan 'yan Zango, kuma bayanin nan na masu sayen mita ɗari biyu zuwa dubu biyu ne.

Abubuwa biyu ne dillalai ke cakuɗawa, kuma wajibi ne mai saye ya raba su. Na farko shi ne yadda mita ke auna ruwa, na biyu kuma yadda karatunta ko kuɗinta ke isa ofis.

Ta fuskar awo, tsohuwar mita mai farfela tana da araha, kuma kowane mai gyaran famfo ya san ta, sai dai ba ta jure halin ruwanmu. Yashin burtsatse yana cinye farfelar a hankali har ta riƙa ƙirga ƙasa da abin da ya wuce ta cikinta. A garin da ake ba da ruwa unguwa-unguwa kuwa, idan aka buɗe layi iska ce ke fara fitowa da ƙarfi, farfela ta yi ta juyawa, mai gida ya ga lamba tana hawa alhali bokitinsa a bushe yake, daga nan sai rigima. Mitar altirasonik ba ta da abin da ke juyawa. Sauti ne take aikawa ta cikin ruwan, gaba da baya, ta lissafa gudun ruwan daga bambancin lokacin da sautin ya ɗauka, kuma idan iska ce ta cika bututu ba ta ƙirgawa. Akwai wata lamba a fuskar yawancin mitocin zamani da ke farawa da harafin R, bisa ma'aunin ISO 4064, kuma ita ce ke nuna mafi ƙarancin gudun da mitar ke aunawa daidai. A ƙaramar mitar gida mai ɗaukar lita 2,500 a awa, R80 na nufin wajen lita 31 a awa, R160 wajen lita 16, R400 kuwa wajen lita 6. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu, domin gidaje da dama suna da tankin roba, kuma idan ya kusa cika ruwan yakan riƙa tsiyaya a hankali duk dare. Mita mai farfela ba ta ganin yawancin wannan ruwan, kuma kwamiti ne ke biyan wutar da ta turo shi.

Ta fuskar isar da karatu, mitar da ma'aikaci ke bi layi-layi yana ɗaukar karatunta ta rediyo tana rage ƙaryar karatu, amma ba ta karɓo bashi. Mai ɗauke da layin waya a cikinta tana cin batir, kuma kowace mita sai an biya mata data. LoRaWAN, wato rediyo mai dogon zango da ke kai karatun mita ofis, yana da kyau ga garin da ke da ma'aikacin da ya iya kula da eriya a kan tanki da wutar da ba ta yankewa. Mita mai kati na kamfani ɗaya kuwa, ko kyauta aka ba ku kada ku karɓa.

Wadda nake ba da shawara a kai ita ce mitar altirasonik ta biya kafin amfani, mai aiki da tsarin STS, wato tsarin zuba caji a mita ta hanyar lambobi. Duk wanda ya taɓa danna lambobi 20 a mitar wuta ya riga ya san shi. An ƙirƙiro tsarin a Afirka ta Kudu a farkon shekarun 1990, daga baya ya zama ma'aunin duniya mai lamba IEC 62055-41, kuma yana aiki ga ruwa kamar yadda yake aiki ga wuta. Mai gida yana biya ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, ko a wurin wakili, saƙo ya shigo wayarsa da lambobin, ya danna su a ƙaramar na'urar da ke cikin ɗaki, ita kuma ta isar wa mitar da ke waje. Lambar ba ta aiki sai a mitar da aka yi ta dominta, kuma sau ɗaya kawai. Mitar kanta ba ta buƙatar intanet ko siginar waya, saboda haka gidan da ke cikin kwari da wanda ke bakin titi duk ɗaya ne a wurinta. Babban alherinta shi ne tsarin ba mallakar kamfani ɗaya ba ne: kwamiti zai iya sayen mita ɗari uku daga wannan masana'anta bana, ya ƙaro ɗari biyu daga wata baɗi, duka su karɓi caji daga manhajar sayarwa guda. Idan gari ya bunƙasa aka ga bukatar ganin karatu daga ofis, mitoci da yawa na irin wannan suna zuwa da rediyon da za a kunna daga baya.

Tana da nata nauyin. Kuɗinta ya ninka na mai farfela sau da yawa, kuma bawul ɗin da ke rufe ruwa idan caji ya ƙare yana motsi, saboda haka dole a sa matata a gabanta. Akwai kuma gidan haya mai ɗakuna goma sha biyu da famfo ɗaya, inda rashin biyan mutum biyu ke rufe wa kowa ruwa. Wata dattijuwa ta taɓa tsayar da ni a bakin masallaci ta ce, "Ɗana, idan abin nan ya rufe da asuba, da me zan yi alwala?" Tambayarta tana da amsa a cikin mitar, matuƙar an nemi hakan tun wurin ciniki: ana iya saita bashin gaggawa na wasu litoci, ana kuma iya saita lokutan da bawul ba zai rufe ba, kamar dare da ranar Juma'a da ranakun Sallah. Kwamitin da bai rubuta wannan a takardar oda ba zai same su a rufe, ko a ce sai ya ƙara kuɗi.

Abin da na fi dubawa yanzu, fiye da batir da farashi, shi ne wanda ke riƙe da makullin sirrin mitocin. A tsarin STS kowace hukumar ruwa ko wuta tana da lambar rukuni, wato SGC, kuma daga makullin wannan rukuni ake fitar da kowane caji. Idan dillali ya ɗora mitocinku a kan rukuninsa, shi ke da garinku. Mun ga irin wannan da mitoci masu kati: bayan an girka su, kamfanin ya ce lasisin manhaja na shekara da dala ake biya, sidi kuma tana ta faɗuwa. Da muka nemi sassauci sai aka rufe manhajar, mata suka yi layi da katunansu a ƙofar ofis, kwamfuta na kunne amma ba ta iya zuba ko lita ɗaya. Ƙarshenta cire mitocin aka yi, aka tara su a sito. Don haka a rubuta a kwantiragi cewa SGC da sunan hukumar ruwan garin za a yi rajistarsa, cewa kuɗin manhaja da sidi ne, kuma za a miƙa bayanan masu famfo duk ranar da aka rabu. A kuma tambayi yadda za a sayar da caji idan kwamfutar kamfanin ta tsaya, domin mutanen Kumasi da Accra ba su manta da ƙarshen Satumban 2022 ba, lokacin da sayen cajin wuta ya gagara na kwanaki.

Sai maganar jabu, wadda ita ce ta fi cinye kuɗin ƙananan kwamitoci, domin araha ba ta ado. Kowane cajin STS yana ɗauke da lambar lokaci da ke ƙirga mintuna; tsohon ƙirga ya fara ne daga farkon 1993, kuma ya cika a ranar 24 ga Nuwamba, 2024. Mitar da ba a sauya mata makulli ba zuwa sabon ƙirga na 2014, wanda zai kai 2045, ba za ta karɓi sabon caji ba. Tsofaffin mitocin da suka kwana a sito kafin wannan rana su ne ake fitowa da su da rangwame mai jan hankali. Kada ku yarda da lambar da dillali ya zo da ita a takarda. A fitar da sabon caji a gabanku, daga manhajar da za ku yi amfani da ita, a danna a mitar da ku da kanku kuka zaro daga tsakiyar kwali.

Rubuta STS a jikin roba ba wuya ba ne. A nemi takardar shaidar da ƙungiyar STS ta ba wannan samfurin, a duba ko sunan masana'anta da lambar samfurin sun yi daidai da na jikin mitar. A nemi shaidar amincewar hukumar GSA mai kula da ma'auni da ingancin kaya, da ta hukumar sadarwa ta NCA idan mitar tana da rediyo. 'Yan kamasho sukan kawo hoton takardar wani samfuri a waya, su ce asalin yana ofishinsu na Accra. A jira asalin. A duba shekarar ƙira, domin batirin litiyom da aka ce zai yi shekara goma yana fara raguwa tun mitar tana cikin kwali, kuma a wasu mitocin a manne yake, idan ya mutu mitar ta mutu. Mitar da aka taɓa amfani da ita aka wanke ana gane ta da tabon sifana a goron tagulla, da jan tsatsa a cikin bututun, da hatimin da launinsa ya saɓa da na sauran. Wadda aka rubuta wa IP68 ya kamata ta jure nutsewa, saboda haka a jefa guda a duro ta kwana biyu, a ga ko gilashinta zai yi raɓa.

Gwajin awo ba ya buƙatar injiniya. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka a nemo sikeli mai kyau da jarkoki, a cire nauyin jarka, a tara kilo ɗari da famfo a buɗe sosai. Sabuwar mita ya kamata ta nuna tsakanin lita 98 da 102. Sannan a rage famfon ya koma tsiyaya, a sake gwadawa, a nan kuskuren da ma'auni ya yarda da shi kashi biyar ne cikin ɗari. Bayan haka a fara da mita talatin ko hamsin, a raba su tsakanin gidajen haya da masallaci da masu sayar da abinci da gidajen da ke ƙarshen layi, a bar su su ga damina guda cikin ramukansu, kuma a riƙe wani kaso na kuɗin dillali a rubuce har sai wannan wa'adi ya cika.