Zagayen Justa da Rufina a Sebiya: ƙofar kurkukun kawai muka gani

Tun watan Mayu na kama mana wuri ni da ƙanwata a zagayen wani kamfanin yawon buɗe ido a birnin Sebiya na ƙasar Sifen, saboda abu ɗaya tak. A tallarsu sun rubuta za a sauka da mu kurkukun ƙarƙashin ƙasa na cocin Tirinidad, inda mutanen Sebiya suka ce nan aka tsare Justa da Rufina, waliyyan Kirista da aka kashe saboda imaninsu. 

Ɗan jagoran dai akwai baki, ba zan ci haƙƙinsa ba. A kan gadar Tiriyana ya tsayar da mu ya ba da labarin: ya da ƙanwa ne, tukwane suke ginawa suna sayarwa, har ranar da masu bikin gunkin Salambo suka biyo neman gudummawa, suka ce su ba sa bauta wa abin da hannu ya ƙera. Aka farfasa musu kaya, su kuma suka tuntsurar da gunkin. Wajen shekara ta 287 ke nan. Yunwa da ƙishirwa suka kashe Justa a tsare, aka jefa gawarta a rijiya, sai Bishop Sabino ya sa aka ciro ta. Ƙanwata ta matse mini hannu ta ce, "Yaya, ashe sana'ar Kaka suke yi." Hawaye sai da ya zo mini.

Daga nan ya shigar da mu wani shagon tangaran, wai minti goma. Awa ɗaya da kwata muka yi. Shi yana can ciki yana kurɓar kofi da mai shagon, kowa ya san kamasho yake jira. Sau biyu ina nuna masa agogo, yana cewa in kwantar da hankalina. Muka fito cikin zafin Yuli, wanda ko a gida ban san irinsa ba, muka ratsa gari a ƙafa. Ko da muka isa cocin, wani dattijo da tsintsiya a hannu ya girgiza mana kai. An rufe. Abin da ya fi ƙona mini rai, jagoran ko a jikinsa, ya zaro waya yana nuna mana hoton wurin. Hoto! Ni da na taho da kyandir biyu a jaka tun daga Madrid.

Sai a babban cocin garin na ɗan huce. Akwai zanen da Goya, mai zanen nan ɗan Sifen, ya yi wa Justa da Rufina a 1817: kowacce riƙe da kwanon ƙasa da reshen dabino, ɓaraguzan gunkin a gabansu, ga zakin da aka sakar wa Rufina yana lasar ƙafarta kamar kyanwar gida. A bayansu hasumiyar babban cocin ce, Hiralda, wadda asalinta ta masallaci ce da aka gama a 1198. Mutanen garin sun yarda 'yan'uwan nan ne suka tallafe ta lokacin girgizar ƙasar 1504. Mun daɗe a wurin, bai hanzarta mu ba, har na ce a raina tauraro huɗu zan ba su.

Ashe da saura. Farantin da na saya a shagon nan, don ni ma ban fita hannu rabbana ba, washegari na gan shi sak a wani kanti kusa da tashar jirgin ƙasa ta Santa Justa, a rabin kuɗin. Na rubuta wa kamfanin su mayar mini ko da kashi ɗaya cikin uku, suka amsa wai shiga kurkukun "in hali ya yi ne". A tallar babu wannan, ina da hotonta.

Tauraro biyu, su ma albarkacin zanen ne. Kyandirorin kuwa, da na buɗe jaka a masauki, zafi ya lanƙwasa su sun manne da juna.