Tocila uku a fili mai duhu: nisan da kwali ya faɗa da nisan da ido ya gani

Duk tocilar da ake tallatawa da cewa haskenta na zuwa nesa, za ka ga an buga mata adadin mitoci a jikin kwali. Wata mita 400, wata 800, wata har kilomita ɗaya da rabi. Na daɗe ina son in san ko mutum zai iya dogara da waɗannan lambobi idan ya tsaya a fili da dare yana son ya gane abin da ke motsi can nesa, shi ya sa na haɗa tocila uku masu ƙira daban-daban na yi ta fita da su. Abin da na gano shi ne lambar ba ƙarya ba ce, amma ba ita ce nisan da za ka ga abu ka gane shi ba.

Ta farko ƙatuwa ce mai kauri, da babban ƙwai irin Cree XHP70 a cikin kwano marar zurfi mai ɓarzajjen ciki. Kwalinta ya ce lumen (ma'aunin jimillar haske) dubu biyar da wani abu, kandela (ma'aunin ƙarfin haske ta fuska ɗaya) 40,000, nisa mita 400. Ta biyu tana da faffaɗan kai da siririn jiki, ƙwanta ƙarami ne, Luminus SFT40, yana zaune a gindin kwano mai zurfi mai santsi kamar madubi. Lumen ɗinta bai kai rabin na ta farko ba, amma an rubuta mata kandela 160,000 da mita 800. Ta uku ita ce irin da ake kira LEP. Babu ƙwan LED a cikinta. Shuɗin hasken lesa ne ake harbawa kan wani ɗan sinadari mai suna fosfo, ya rikiɗe ya zama farin haske, sannan gilashi mai tudu ya tattara shi ya tura gaba. Lumen ɗinta kusan 500 ne kawai, amma nisan da aka rubuta mata mita 1,500.

Lambar nisan nan tana da tushe. A shekarar 2009 aka fito da wani ma'auni a Amurka mai suna ANSI FL1 domin masu ƙera tocila su riƙa faɗin abu da baki ɗaya. A ƙa'idarsa, nisan haske shi ne inda hasken da ke sauka kan abu ya ragu zuwa luks 0.25 (luks shi ne ma'aunin hasken da ke sauka kan abu), wato kwatankwacin hasken cikakken farin wata a buɗaɗɗen fili. Kuma ba wanda ke tafiya mita 800 da na'ura don ya auna. Ana auna ƙarfin tsakiyar hasken daga kusa ne, a samu kandela, sannan a yi lissafi: a nemo tushen murabba'in kandelar a ninka shi biyu. Tushen 160,000 shi ne 400, idan ka ninka biyu ka samu 800. Lissafin ya ɗauka cewa iska tas take, ba ƙura ba hazo, kuma bai damu da ko idonka zai iya ganin abin da hasken ya taɓa ba.

A nan ne mafi yawan masu saye ke ruɗewa, domin lumen ake rubutawa da manyan baƙaƙe. Lumen jimillar hasken da ke fita ne ta kowace fuska. Kandela kuwa ƙarfin hasken ne ta fuska ɗaya, kuma ita ce mai kai shi nesa. Wanda ya ɗebi yashi cike da hannu ya watsa ya fitar da abu mai yawa, amma wanda ya jefa tsakuwa ɗaya shi ne jifarsa ta yi nisa. Dubi Imalent MS18, mai ƙwai 18 irin XHP70.2 har da fanka a ciki don sanyaya ta: an rubuta mata lumen 100,000, amma nisanta mita 1,350. Ƙaramar LEP da ke hannuna, wadda haskenta bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari biyu na wancan ba, ta wuce ta a nisa. Wannan misalin kuma ya isa ya nuna maka cewa tocilar aljihu mai batir ɗaya da aka buga wa lumen 100,000 zancen banza ne. Hasken da ya kai haka yana cin wutar ɗaruruwan wat, ƙaramin batir ba zai iya ba.

Kafin in fita fili sai da na gwada lambobin da na'urar auna haske. Na ɗora tocilar kan ƙafa uku irin ta kyamara, na auna mita 10 da tef, na jira daƙiƙa 30 bayan kunnawa kamar yadda ma'aunin ya tanada, sannan na riƙa matsar da na'urar a hankali har na samu inda lambar ta fi hawa. A mita 10, abin da na'ura ta nuna sai ka ninka shi sau ɗari ka samu kandela. Ta biyu ta ba ni wajen luks 1,500, wato kandela 150,000, nisa kenan kusan mita 775. Wannan bai yi nisa da abin da kwali ya faɗa ba, na kuwa ji daɗin hakan. Ta farko ma ta zo kusa da tata lambar. Ita LEP sai da na ja da baya sosai fiye da mita 10, domin daga kusa haskenta bai gama haɗuwa ba, awon kan fito ƙasa da gaskiya.

Filin da na zaɓa shimfiɗaɗɗe ne, ba fitilar titi ko ɗaya a kusa. Da rana na yi alamar abubuwa da taswirar waya: wata bishiya a wajen mita 150, tsohon gini mai farin bango a mita 300, layin bishiyoyi a mita 500, sai tankin ruwa na ƙarfe can a kusan mita 900. Da dare kuma, daren da ba wata, nakan zauna cikin duhu kamar minti ashirin ba tare da duba waya ba, don ido ya saba.

Ƙatuwar ta farko, da ka kunna ta sai gabanka duk ya zama rana. Ciyawa, duwatsu, ƙwarin da ke shawagi, komai ya fito. Bishiyar mita 150 na gan ta da rassanta. Amma daga nan abin ya tsaya. Farin bangon mita 300 sai dai in ce ga wani abu fari-fari can, ƙofa da taga kuwa ban rarrabe su ba. Dalilin ba ƙarancin haske kaɗai ba ne. Ƙasar da ke gaban ƙafata ta yi haske ƙwarai har ƙwayar idona ta tsuke, sai abin da ke nesa ya ƙara nutsewa cikin duhu. Don tafiya ko neman abin da ya faɗi babu kamarta, amma ba tocilar hange ba ce.

Ta biyu ita ta fi burge ni. Tsakiyar haskenta dunƙulalliya ce mai kaifin baki, ga kuma wani siririn haske a kewaye da ya isa ka ga inda kake taka ƙafa ba tare da ya kashe maka ido ba. Da na ɗora ta kan ginin nan, sai ga tagogi biyu, ga tsagar da ta gangaro daga saman bango, har da wata mage da ke kwance a kan katanga. Idanunta ne suka fara walƙiya kore, sannan ta miƙe ta yi miƙa ta dira. A mita 500 na ga gangar bishiyoyi ɗaya bayan ɗaya, sai dai da mutum mai baƙar riga zai tsaya a gindinsu bai motsa ba, ba na jin zan gane shi. Tankin mita 900 kuwa ɗan ƙyalli kawai ya yi.

Lissafi ma ya yarda da abin da ido ya gani. Haske na raguwa ne daidai da murabba'in nisa: ka ninka nisa biyu, hasken ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Tocila mai kandela 160,000 tana sauke luks 4 a mita 200, luks 1 a mita 400, rubu'in luks a mita 800. Rubu'in luks ya ishe ka idan kana tsaye a wurin, kamar yadda kake tafiya a farin wata. Amma kai kana nan baya, abin ya yi ƙanƙanta a idonka, yawancin hasken ma abin ya shanye shi, ɗan ragowar ne zai ratso iska ya dawo maka. A gwajina, inda nake gane abu da tabbaci bai wuce sulusi zuwa rabin abin da kwali ya faɗa ba, a tocila ta farko da ta biyu. Wanda kuma yake son ya ninka nisan tocilarsa, sai ya nemo mai kandela ninki huɗu.

LEP abin kallo ce. Haskenta miƙaƙƙen zare ne, ba ko ɗigon haske a gefe. Tankin mita 900 ya fito sarai, da madubin hangen nesa har tsanin da ke jikinsa na ƙirga. Amma da'irar haskenta ƙarama ce ƙwarai, don haka nemo abu da ita wahala ne. Sai ka riga ka san inda yake sannan ka ɗora masa. Ɗan rawar hannu kaɗan, hasken ya yi tsalle ya bar abin da kake kallo. Ƙafarka kuwa tana cikin baƙin duhu, dole ka riƙe wata tocilar daban idan za ka taka.

Abin da ya fi rage wa dukkansu ƙarfi shi ne iska. Daren da aka samu ƙura ko ɗan hazo, hasken kan bugi ƙwayoyin da ke yawo ya dawo maka ido, sai ka ga farin sanda a sama yana tare maka abin da kake son gani. Tocila ta biyu da na gwada farinta mai ɗan shuɗi ne, 6500K a ma'aunin launin haske, kuma irin wannan farin ya fi mai ɗan rawaya-rawaya yin wannan labule. Dabarar da ta yi mini aiki ita ce raba ido da bakin tocila. Na bar ta kan ƙafa uku na matsa gefe taku biyar ko shida, nan take layin bishiyoyin ya ƙara fitowa. Ko riƙe ta a ƙugu maimakon kusa da kunne yana kawo sauƙi.

A yi hattara da hotunan da ake nunawa na gwajin nisa. Kyamara tana iya buɗe idonta na daƙiƙoƙi tana tara haske, abin da idon ɗan Adam ba ya yi. Allon hanya mai ƙyalli ma ba shaida ba ne, an yi shi ne don ya mayar da haske inda ya fito, ko ƙaramar tocila za ta sa ya walƙa daga nesa. Gangar bishiya ko bangon ƙasa su ne ke faɗin gaskiya.

Sai maganar zafi. Duk lambobin kwali na mataki mafi ƙarfi ne, kuma ba a daɗewa a kansa. Ƙatuwar, cikin minti biyu kanta ya yi zafin da ba ka son taɓawa, ta rage haske da kanta sosai. Ta biyu ma tana sauka, amma a hankali, kuma matakin da take tsayawa a kai ya ci gaba da nuna mini ginin mita 300. Tana aiki da batir mai lambar girma 21700, wanda ya fi mai lamba 18650 kauri da ɗaukar caji, kuma na lura da batir ya yi ƙasa da rabi matakin ƙarshen ba ya kai ƙarfinsa na farko.

Kada a haska irin waɗannan a fuskar mutum, ko direba, ko jirgin sama. A ƙasashe da yawa haska jirgi laifi ne babba. LEP kuma kada a kwance kanta, lesar da ke ciki tana iya lalata ido.

Ta biyun ita na ci gaba da fita da ita, ita ma zan nuna wa duk wanda ke son duba fili ko shinge daga nesa. Abu biyu ne ba su yi mini ba: faɗin kanta ya hana ta shiga aljihu sai jaka, kuma maɓallinta na gefe yana da wuyar lalubowa a duhu, musamman da safar hannu. Idan zan sake ɗauka, irinta zan nema mai haske 5000K, wato farin da bai kai wancan shuɗi ba, da maɓalli a gindi.