Gem ɗin da za ka saya da wanda za ka bar wa mai shi

Ina da ɗan ɗakin gem a nan Maraɗi, tele uku, na'urar gem PS4 biyu, da wata tsohuwar PS2 da ta ƙi mutuwa. Kusan kullum sai wani ya tare ni: "Maigida, wanne zan saya?" Ma'aunina bai da yawa. Mutum biyu su zauna benci ɗaya su buga ba tare da intanet ba, in an ɗauke wuta kuma aka dawo da ita, su tarar da abinsu inda suka adana.

A kan wannan ma'auni ban ga na biyun PES 2021 ba, gem ɗin ƙwallon ƙafa. Konami ta fitar da shi a watan Satumba na 2020, kuma ba ta ɓoye ba cewa PES 2020 ne aka sabunta wa 'yan wasa, shi ya sa ta sayar da shi da rahusa. Amma ƙwallonsa na da nauyi. In ka ba da fas mai tsawo sai ka ga ta ɗan yi jinkiri a ciyawa, mai tsaron baya kuma ba ya juyawa kamar mazari. Akwai Master League, inda za ka ɗauki ƙaramar ƙungiya ka rene ta kaka bayan kaka, ba ruwanka da data. Na san wani tela a layinmu da ya yi kaka tara da ƙungiya ɗaya, har yana kiran ɗan gabansa "yarona". Aibinsa sunaye: Barcelona, Juventus da Manchester United suna nan da sunansu, amma Real Madrid sai ka gan ta Madrid Chamartin B. Da ɗan fayil a kile na USB ake gyara wannan cikin minti kaɗan.

Magajinsa, eFootball 2022, shi ne abin kunya. Ya fito ranar 30 ga Satumba 2021, kyauta, fuskokin Messi da Ronaldo kamar an zana su da gawayi, ba Master League, har ya shiga sahun waɗanda suka fi shan zagi a Steam, shagon gem na kwamfuta a intanet, kamfanin ya fito ya ba da haƙuri. An gyara shi daga baya, sai dai har yau rabin daɗinsa na kan intanet. Cyberpunk 2077 a tsohuwar PS4, bar shi: a Disamba 2020 Sony da kanta, mai PS4, ta cire shi daga shagonta saboda matsalolinsa ta mayar wa mutane kuɗi. WWE 2K20 na kokawa kuwa, ranar 1 ga Janairu 2020 ya riƙa mutuwa a hannun mutane saboda kawai shekara ta canza. FIFA ba laifi in kana son rigunan gaske da ƙwallo mai santsi.

Amma gaskiya ba waɗannan ne ke cinye kuɗin yaranmu ba. Jabu ne. Wata rana na sayi faifai uku wajen wani mai tebur a kasuwa, bangonsu na sheƙi, an rubuta PES 2023 na PS2, ga hoton Mbappé. Na dawo gida na saka. Na farko ya tsaya a rubutun farko yana ƙugi. Na biyu ya buɗe, sai ga tsohon gem da aka canza wa sunaye da riguna, mai sharhi na ambaton 'yan wasan da suka daɗe da ajiye takalmi. Da na koma sai ya ce, "Alhaji, ai na'urarka ce ta tsufa." Jaka uku ta tafi.

To ka riƙe wannan. PES na ƙarshe da aka yi wa PS2 shi ne na 2014, FIFA ma 14 ne. A PS3 an tsaya a PES 2018 da FIFA 19. Sunan FIFA kansa ya ƙare a FIFA 23, bayansa EA Sports FC ake kira, don haka duk wanda ya miƙo maka "FIFA 25" ka san wani ne ya ɗinka shi a ɗakinsa. Wasu ɗinkin na da kyau, ban ƙi ba, amma a faɗa maka gaskiya a sayar maka da kuɗin ɗinki.

Na waya sun fi muni. GTA V ba a taɓa fitar da shi a Android ba, tsofaffin GTA irin su San Andreas ne ke akwai. Wanda ake tura wa yara a WhatsApp ko a loda musu a kati, in ya yi sauƙi talla ce zalla, in ya yi muni sai ya nemi izinin karanta saƙonninka da ganin lambobin mutanenka. Me gem zai yi da saƙonninka, a wayar da kake ajiye kuɗi?

In faifai za ka saya, juya bayansa a haske ka duba ƙarzuwa, sannan ka sa mai shi ya kunna a gabanka, ku buga wasa ɗaya cikakke har a tashi, don da yawa sai bayan hutun rabin lokaci suke daskarewa. In ya ce ba wuta, ka ce za ka dawo in an kawo.