Hutun Mako Guda a Biyetnam: Arewa ko Tsakiya?

Arewacin Biyetnam ya fi cika ido, domin can ne babban birnin ƙasar, Hanoi, yake, da tsibiran Ha Long, da gonakin shinkafa masu hawa-hawa a jikin tsaunukan Sapa, sai dai hanya tana cinye lokaci, tunda daga Hanoi zuwa Sapa tafiyar kusan awa 6 ce a mota. A tsakiyar ƙasar kuwa, kimanin kilomita 30 ne ke tsakanin bakin tekun Da Nang da tsohon garin Hoi An, kuma ana iya zuwa birnin Hue, mazaunin sarakunan daular Nguyen har 1945, a dawo a yini guda. Ga mai gajeren hutu, tsakiya nake fifitawa, muddin ba a Oktoba ko Nuwamba ba, lokacin da ambaliya kan mamaye titunan Hoi An.